Virt-manager yana jan ƙafa tsakanin Tawa da Yamai: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiya. Ina zaune a Tawa, sabarmu kuma tana babban biro a Yamai. Debian 12 ce a kanta da KVM, tana ɗauke da VM bakwai, wato kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin sabar. Ina shiga da virt-manager, manhajar sarrafa VM, daga laftof ɗina ta hanyar SSH, wato amintacciyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa. In na buɗe shi sai na jira kusan sakan 40 kafin jerin VM ya fito, in na danna wani abu sai ya daɗe kafin ya amsa, wani lokaci kuma tagar ta sandare gaba ɗaya har kusan rabin minti. Abin mamaki, ma'aikatan da ke aiki da waɗannan VM a Yamai ba su taɓa kokawa ba. Na ƙara wa laftof RAM, babu abin da ya sake. Sabar ce ta tsufa mu nemi sabuwa, ko akwai abin da ban gani ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka kai wa shugabanni takardar sayen saba tukuna. A cikin tambayarka akwai ciwo uku da ka haɗa wuri guda: jinkirin buɗewa, nawar amsa danni, da sandarewar rabin minti. Biyun farko yawanci daga hanya suke, na ukun kuwa kusan kullum daga cikin sabar yake, kuma da wuya ya zama tsufa. Shirun da ma'aikatan Yamai suka yi shi ne babbar shaidarka. Da faifai ne ko firosesa ya gaza, su za su fara jin jiki kafin kai.

Sai ka san abin da virt-manager yake kafin ka zarge shi. Manhaja ce da aka rubuta da Python da GTK, kuma ba ita ke tafiyar da VM ba. QEMU da KVM ke wannan aiki a kan saba, libvirt kuma shi ke tsaye tsakani, a Debian 12 da sunan libvirtd. Duk abin da ka gani a tagar, sunan VM ne, ko halin da take ciki, ko girman faifanta, sai da virt-manager ya aika tambaya ga libvirtd ya jira amsa. Ɗan aike ne. In ɗan aike ya daɗe, ko dai hanya ce ta yi nisa, ko kuwa wanda aka aike shi wurinsa ne ya tsayar da shi a zaure. Shi ya sa ƙarin RAM a laftof bai yi maka komai ba: laftof ɗin ba aiki ya yi masa yawa ba, zaman jira yake yi.

Awo kafin gyara

Ka ajiye tagar gefe, ka yi awo da virsh, wanda ke magana da libvirtd ɗin nan ba tare da zane ba. Ka shiga sabar ta SSH ka rubuta:

time virsh -c qemu:///system list --all

Sannan ka dawo laftof ka yi tambaya iri ɗaya daga nesa:

time virsh -c qemu+ssh://sunanka@adireshin-saba/system list --all

A saba mai lafiya ta farkon tana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, ƙasa da sakan ɗaya. In ta biyun ta ɗauki sakan uku, biyar ko goma, bambancin nan kuɗin hanya ne da na buɗe SSH. Amma kada ka tsaya nan, don list tambaya ce mai arha, ba ta taɓa QEMU. Ka koma kan sabar ka gwada masu tsada, VM bayan VM:

for v in $(virsh list --name); do echo $v; time virsh domstats $v > /dev/null; done

Ka yi haka ga ma'ajiyoyin faifai, wato pool: virsh pool-list --all, sannan time virsh pool-refresh da sunan kowace. Wanda ya tsaya ya yi shiru a cikinsu, shi ne mai laifi. Kana iya kuma buɗe manhajar da virt-manager --debug daga tamina. Kowane layi yana fitowa da lokacinsa, sai ka nemi inda lokaci ya yi tsalle, ka karanta layin da ya gabace shi. Minti goma na wannan aiki ya fi kwana uku na canje-canjen lalube.

Hanya: ba faɗinta ba, tsawon zuwa da dawowa

Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Mutum zai ce rezo ɗinsa yana da ƙarfi, yana kallon bidiyo ba ya tsayawa, to me zai hana ƙaramar taga aiki? Bidiyo kaya ne mai yawa da ake lodawa a tafi ɗaya. Virt-manager kuwa ƙananan tambayoyi yake yi masu ɗimbin yawa, da yawansu sai amsar wata ta dawo kafin a aika ta gaba. Lokacin da ya fara haɗuwa da saba yana karɓo bayanin XML na kowace VM, kowace hanyar sadarwa, kowace ma'ajiya da kowane fayil da ke cikinta, har da na'urorin jikin sabar, su USB da PCI. A ɗauka tambayoyi 200 ne a jere. In kana zaune cikin biron Yamai inda zuwa da dawowa milisakan 1 ne, duka ba su kai rabin sakan ba. In daga Tawa milisakan 200 ne, lissafi ya ba ka sakan 40 cif, kuma sabar ba ta yi laifin komai ba.

Kada kuma nisan titi ya yaudare ka. Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso ya ɗara kilomita 500, wanda ga haske a cikin fayiba ba komai ba ne. Amma in laftof ɗinka yana kan wani kamfanin sadarwa, biron kuma yana kan wani, saƙon yana iya fita ƙasar waje ya zagayo kafin ya isa. Ka gani da idonka: ping -c 100 zuwa sabar, ka duba matsakaicin lokaci da yawan abin da ya ɓata a hanya, sannan mtr ya nuna maka zangon da jinkirin ke farawa. Ka maimaita da sassafe da kuma bayan isha'i, lokacin da kowa ke kan salula. Ɓacewar kashi 2 ko 3 cikin ɗari ta isa ta sa SSH ya riƙa tsayawa, domin TCP ba ya wucewa gaba sai ya sake aiko abin da ya ɓata.

In ta VPN kake bi, wato keɓaɓɓen rami tsakaninka da biro, ka duba MTU, iyakar girman ƙunshin saƙo da hanya ke ɗauka a tafi ɗaya. In VPN ɗin WireGuard ne, yana sa 1420 in ba a canza ba, don haka ping -M do -s 1392 ya kamata ya wuce ta cikin ramin. In ƙananan ping suna wucewa, wannan kuma yana mutuwa, ka sami dalilin da ya sa shiga SSH ke tafiya lafiya amma da zarar za a aiko babban XML sai komai ya tsaya. Ka rage MTU a ɓangarorin biyu, ka gwada 1380 ko 1280.

Sai SSH kansa. Libvirt yana kiran manhajar ssh ta laftof ɗinka ne, saboda haka duk abin da ka rubuta a ~/.ssh/config yana aiki a kansa. Ka sa wannan:

Host saba-yamai
  HostName adireshin-saba
  User sunanka
  ControlMaster auto
  ControlPath ~/.ssh/cm-%C
  ControlPersist 10m
  Compression yes
  GSSAPIAuthentication no
  ServerAliveInterval 15

Sannan ka share tsohuwar haɗuwa a virt-manager ka yi sabuwa da sunan saba-yamai. ControlMaster shi ne zuciyar gyaran. Ba tare da shi ba, kowace sabuwar haɗuwa sai ta sake gaisuwa daga farko, musayar mabuɗai da tantancewa, zuwa da dawowa da dama. Da shi, ƙofa ɗaya ake buɗewa kowa ya bi ta ciki. Za ka fi jin amfaninsa in ka buɗe allon VM mai amfani da SPICE, tsarin da ke kawo maka hoton VM daga nesa, don SPICE tashoshi daban-daban yake buɗewa, na hoto, na allon rubutu da linzami, na sauti, na USB, kowace da nata SSH. Wanda ke shiga da kalmar sirri ya san wannan, don ana tambayarsa ita sau biyar ko shida a jere. Ka koma mabuɗin SSH, ka bar kalmar sirri. Matse bayanai kuma yana da amfani a nan saboda XML rubutu ne, yana matsuwa sosai.

A cikin manhajar, ka shiga Edit, Preferences, Polling. Tana tambayar saba duk bayan sakan 3 don ta zana ƴan layukan nan na aikin firosesa. Ka mayar da shi sakan 15 ko 30, ka cire alama daga na faifai, na rezo da na RAM in ka taɓa kunna su. In akwai wasu tsofaffin sabobi a jerin da aka sa su haɗu da kansu lokacin buɗewa, ka cire musu Autoconnect.

Abu ɗaya da nake hana mutane ƙarara: shiga da ssh -X a kunna virt-manager a kan sabar a jawo tagarsa zuwa nesa. X11 ya fi libvirt yawan zuwa da dawowa nesa ba kusa ba. A hanya irin taka wannan ƙara ciwo ne.

Sandarewar rabin minti

Wannan ita ta fi damuna a tambayarka, don adadin da ka faɗa ba na banza ba ne. Libvirt ba ya barin ayyuka biyu su yi magana da QEMU na VM ɗaya a lokaci guda. Wanda ya riga ya riƙe makulli, na baya ya jira, kuma iyakar jiran sakan 30 ne, bayan nan ya haƙura ya rubuta kuskure. Ka duba:

journalctl -u libvirtd --since today | grep -i lock

In ka ga "cannot acquire state change lock", layin yakan faɗi aikin da ke riƙe da makullin. Kowane mai haɗuwa da libvirtd kuma tambayoyi 5 kawai ake ba shi damar jerawa a lokaci guda, in ba a canza max_client_requests ba. Idan biyar ɗin nan duk suka maƙale a ƙofar VM ɗaya, sauran shidan lafiyarsu ƙalau amma tagarka ba za ta motsa ba. Wasu sukan ɗaga wannan adadi da max_workers a /etc/libvirt/libvirtd.conf. Ban hana ba, amma faɗaɗa zaure ne kawai, wanda ya toshe ƙofa yana nan.

Me ke riƙe makullin? A abin da na saba gani, na farko ma'ajiyar nesa ce da ta mutu. Misali akwai NAS a biro, wato akwatin faifai da ke kan rezo, an haɗa shi da saba ta tsarin NFS, ana ajiye fayilolin ISO (kwafin CD na girki) ko kwafin ajiya a ciki. NIGELEC ta ɗauke wuta, sabar tana kan ondulur, wato batirin ajiyar wuta, ta tsira, NAS ɗin kuwa ya mutu, ko ya dawo da wani adireshi. NFS a yadda ya zo ba ya haƙura, jira yake har abada, duk manhajar da ta taɓa wurin sai ta shiga halin da Linux ke yi wa alamar D, wato ta tsaya cik tana jira. Ka gani da:

ps -eo stat,pid,comm | grep ^D

Ka gwada kuma df -h. In shi ma ya tsaya, magana ta ƙare. Abin da ke ɓoye wannan matsala shi ne VM ɗin ba sa bisa NAS ɗin, faifansu yana cikin saba, shi ya sa ma'aikata ba su ji komai ba. Sau da yawa wani tsohon ISO ne da aka saka a CD na wata VM ranar da aka girka ta, aka manta da shi. Ka duba virsh domblklist ga kowace VM, ka fitar da duk ISO da ba a bukata da virsh change-media tare da --eject. Ka dawo da NAS ɗin in zai yiwu, shi ne mafi tsabta. In ba zai dawo ba, umount -f -l, sannan ka tsayar da ma'ajiyar da virsh pool-destroy ka hana ta tashi da virsh pool-autostart --disable. Sunan pool-destroy yana da ban tsoro, amma tsayarwa kawai yake yi, ba ya share fayil. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne pool-delete. Kuma kada wani ya ba ka shawarar mayar da NFS zuwa soft a inda faifan VM ke zaune. Ga ma'ajiyar ISO babu laifi, ga faifai mai aiki kuwa hanyar lalata bayanai ce.

Akwai ƙanwar wannan matsala wadda ba ta kai ta muni ba. Duk lokacin da wani ya zaɓo ISO daga wata jaka ta cikin virt-manager, manhajar takan mayar da jakar nan ma'ajiya ba tare da ta yi shawara ba. A kwana a tashi sai ka tarar Downloads mai fayil dubu ta zama pool, kuma a kowace buɗewa sai an leƙa kan kowane fayil don a san irinsa, sannan a aiko maka bayaninsa ɗaya bayan ɗaya har Tawa. Ina kyautata zaton wani kaso na sakan 40 ɗinka yana nan. Ka tsayar da irin waɗannan, ka cire su da pool-undefine, fayilolin suna nan ba abin da zai same su.

Na biyu, dogon aiki da ke gudana ko ya maƙale: kwafin ajiya, haɗe snapshot, ko adana halin VM. Ka tambaya da virsh domjobinfo, da virsh blockjob sunan-vm vda --info. Ka lura ko sandarewar tana zuwa a lokaci ɗaya kullum, ka gwama da abin da ke cikin cron, wato jadawalin ayyukan da sabar ke yi da kanta. Na uku, qemu-guest-agent, ƙaramin wakilin da ke amsa wa saba daga cikin VM, da aka ayyana wa VM amma ya mutu a cikinta ko ba ya amsawa. Wannan jinkirinsa gajere ne, ƴan sakan, amma yana maimaituwa. Ko ka gyara shi a cikin VM, ko ka cire tasharsa.

In ka kawar da sanadin, systemctl restart libvirtd ba ya kashe VM masu gudana, don kowace tana da nata QEMU mai zaman kansa. Amma in akwai QEMU da ke cikin halin D, sake tayarwar ba za ta warkar da shi ba.

In sabar ce da gaske

Kada mu wanke ta ba bincike. Ka kunna vmstat 2 ka kalli si da so. In ba sifili ba ne a kai a kai, ka raba wa VM bakwai RAM fiye da abin da ke akwai, sabar tana kwashe wani zuwa faifai, kuma libvirtd da ba a cika taɓawa ba yana cikin waɗanda ake fara kwashewa. Sai iostat -x 2 daga kunshin sysstat, ka duba await da %util. Bayan kowace ɗaukewar wuta da ta kashe saba ba shiri, ka leƙa /proc/mdstat in RAID na Linux ne, wato faifai da dama da aka haɗa su zama ɗaya, don sake daidaita faifai yana iya cin sa'o'i yana danne komai. In RAID na kati ne, ka duba batirin katin. Zafi yana cinye shi, kuma in ya mutu katin yakan daina riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa ya koma rubutawa kai tsaye, gudu ya faɗi warwas ba tare da wani saƙo ya fito a allo ba. A watan Afrilu da Mayu, ɗakin saba da kilim ɗinsa ya tsaya na awa biyu ya isa ya sa firosesa rage gudu don kare kansa. A na Intel adadin yana cikin /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle/core_throttle_count. In yana hawa, a buɗe sabar a hure ƙurar hunturu da ta toshe fankoki kafin a yi maganar kuɗi. Sai dai duk waɗannan da sun taɓa ma'aikata, shi ya sa na sa su a baya.

In kuwa abin da ke nawa shi ne hoton cikin VM, linzami yana bin hannunka a makare, wannan wani babi ne. Ka tabbata akwai na'urar Tablet ta USB a jerin kayan VM, ka girka spice-vdagent a Linux ko direbobin virtio-win a Windows, ka rage girman allon. Amma gaskiya allon nan don gaggawa aka yi shi, ranar da VM ta ƙi tashi ko rezo ɗinta ya lalace. Aikin yau da kullum ka shiga Windows da RDP, Linux da SSH.

Abin da zan yi a matsayinka

Ko ka gyara komai, virt-manager daga Tawa ba zai taɓa zama kamar na mai zaune kusa da saba ba, don yawan tambayoyinsa halittarsa ce. Mafita mai ɗorewa ita ce a kai mai tambayar kusa da mai amsa. Hanya mafi sauƙi Cockpit ne: apt install cockpit cockpit-machines a kan sabar, ka buɗe shi da burauza a tashar 9090. Red Hat ma tun RHEL 8 ta karkata gare shi a maimakon virt-manager. Kada ka buɗe 9090 ga duniya, ka bi ta VPN ko ka ja rami da ssh -L 9090:localhost:9090 saba-yamai. Ya isa kunnawa, kashewa, ƙara faifai da buɗe allo, ko da yake bai kai virt-manager yawan saituna ba. In kana bukatar virt-manager ɗin kansa, ka ajiye wata tsohuwar kwamfuta a biron Yamai, ka girka shi a kanta, ka riƙa shiga da X2Go ko xrdp, waɗanda aka gina don hanya mai jinkiri. Na fi son kwamfuta daban a kan ondulur bisa a mayar da ita VM ta takwas, don ranar da sabar ta rikice ita ma za ta tafi da ita, a daidai lokacin da ka fi bukatarta.

Ban ga sabarka ba, kuma ban san ko akwai NAS ko VPN a tsakani ba, don haka tsarin da na jera zato ne bisa alamun da ka bayar. Ka aiko da lokutan virsh guda biyu na farko, sakamakon ping ɗari, abin da pool-list ya nuna, da duk layin journalctl mai kalmar lock, bayan ka goge adireshi da sunayen masu shiga. Da waɗannan huɗu za a iya nuna wurin da yatsa.